Layi Biyu na Sifili

Rana ta faɗi amma duhu bai gama shigowa ba, lokacin nan da kake ganin mutum a ƙofa ba ka ganin idonsa. Gidan shi ne na ƙarshe a layin, ɗaki uku da falo da 'yar farfajiya, rufinsa na kwano. Maigidan ya dawo daga shagonsa na gyaran agogo, ya shimfiɗa farin ƙyalle a teburin falo ya baje cikin wani agogon hannu da bai ƙarasa ba. Auta, 'yarsu mai shekara goma sha huɗu, tana kwance rub da ciki tana aikin makaranta, ƙafafunta a sama. Yayyenta biyu suna makarantar kwana. Uwar kuwa tana ɗakin baya, wanda a da ake tara shirgi a ciki, ita da akwatinta.

Duk layin Injiniya suke ce mata, har mijinta, sai dai shi idan ya faɗa yakan ja sunan don tsokana. Kamfanin da take wa aiki makullai yake yi, amma ba na ƙarfe ba, irin waɗanda ake kulle saƙon waya da su. Irin wannan makulli doguwar lamba ce, amfaninta kuma ɗaya ne, kada wani mahaluki ya iya cankar ta. To, nan wahalar take. Ɗan Adam idan ka ce ya faɗi lambobi yadda suka zo masa, kafin ya kai ashirin ya fara maimaita halinsa. Kwamfuta ta fi shi muni, don ita doka kawai take bi, wanda ya san dokar ya san abin da za ta faɗa. Saboda haka masu wannan sana'a suka shiga neman abin da ba ya bin tsarin da mutum zai gane, suka same shi a hasken lesa, jan hasken nan siriri mai tafiya a miƙe. A ido tsaye yake cak. A gaskiya kuwa rawa yake, wata 'yar ƙaramar rawa da ba wanda ya san inda za ta karkata.

Akwatin Injiniya bai fi na takalmi girma ba. A ciki hasken yakan rabu biyu, rabi ya bi gajeriyar hanya, rabi ya zagaya ta cikin wani dogon zaren gilashi da aka naɗe, su sake haɗuwa a gaban wani ɗan ido. Idan idon ya ga hasken ya ƙaru ya ce ɗaya, idan ya ragu ya ce sifili, sau miliyoyi kafin ka ƙifta. Ta kawo shi gida ne don benen ofishinsu yana girgiza duk lokacin da babbar mota ta wuce, gwajin kuma yana son makonni ba a kashe shi ba. Mijin yakan ce shi ya ƙare rayuwarsa yana hana agogo yin ƙarya, matarsa kuma ta sha boko shekara da shekaru don ta ƙera abin da bai san me zai faɗa ba. Ita kuma takan ce ya fara gyara agogon falo tukuna, wanda ya shekara uku yana gaba da minti bakwai.

A wannan yammacin Auta ta kawo mata shayi. Ta tsaya a bakin ƙofa da kofin a hannu, ba ta shigo ba, ba ta koma ba. A gefen allon kwamfutar akwai wata 'yar taga da Injiniya ta buɗe wa kanta, inda lamba guda take fitowa duk daƙiƙa, don idon mutum ya samu abin kallo. Ta ji yarinyar ta ce ɗaya, sai ɗaya ta fito. Ta ce sifili, sifili ya fito. Injiniya ta yi dariya ta ce sa'a ce, ta miƙa hannu za ta karɓi kofin. Yarinyar ba ta sakar mata ba, ba ta kuma daina ba. Goma, ashirin, arba'in, ba ta kuskure ko ɗaya ba, kuma idonta ba ya kan allon, yana kan akwatin. Dariyar ta mutu a bakin uwar, domin ta fi kowa sanin cewa abin da take gani ba ya yiwuwa.

Sai dutse ya faɗo a kan kwano. Guda ɗaya, ya gangaro a hankali har ya faɗa farfajiya. Can sai wani ya biyo, sannan wani. Maigidan ya fita yana faɗa, yana cewa yau sai ya kama ɗan wanda ke wannan rashin tarbiyya. Ba kowa a layin, ba kowa a bayan katanga, maƙwabtan da suka leƙo ma suka ce su ba su ji komai ba. Ya tsinto duwatsun ya kawo a tafin hannu, ƙanana ne masu santsi, da ɗumi kamar yanzu aka ciro su daga aljihun mutum. Kafin ya dawo Auta ta zauna a ƙasa a ɗakin baya, ta jingina da ƙafar teburin akwatin, shayin ya zube a gefenta. Ta daina canka. Kalma ɗaya ta rage mata, tana faɗinta a hankali, ba gaggawa ba hutawa, sifili, sifili, sifili.

Maigidan bai gane komai ba. Injiniya ta gane, kuma tsoron da ya kama ta ba irin nasa ba ne, tsoron mai laifi ne.

Kwana tara kafin nan, da la'asar, tana duba lambobin da za ta miƙa wa masu tantancewa washegari. Allon yakan jera su talatin da biyu a kowane layi, ɗaya da sifili a cakuɗe har ido ya gaji. Tana cikin gangarawa sai ta ga wuri ya yi fes, layi biyu ba komai sai sifili. Sifili goma a jere ba abin mamaki ba ne, ashirin ma yakan faru idan lambobin suna da yawa. Amma sittin da ɗoriya, ko akwatin zai yi aiki har jikokinta su tsufa bai kamata a gani ba. Wani abu ne ya riƙe hasken ya hana shi rawa. Ƙa'idar sana'ar a nan a fili take, ita ce ma take koya wa sababbin ma'aikata: ba a taɓa lambobi, a rubuta abin da aka gani a littafin matsala, a miƙa su yadda suka fito. Amma da ta miƙa su haka, da an mayar da akwatin, aikin shekara biyu ya koma farko. Ta ce wa kanta wata waya ce ta yi sako-sako. Ta ja alama a kan layukan biyu ta goge, bakin sama da na ƙasa suka haɗe kamar ba a taɓa ba, ta datse wutsiyar jerin ya yi daidai da tsawon da ake so. Akwatin kuwa duk kwana uku yake rubutu a kan tsohuwar ajiyarsa, lambobin baya su shafe. Ba ta ƙirga abin da ta goge ba, wa yake ƙirga shara? Masu tantancewa suka yaba, har aka yi mata tafi a ofis.

A magaribar duwatsun nan ma ba ta faɗa wa mijinta ba. Abin da ta fara yi shi ne ta kai hannu ta zare wayar akwatin daga bango. Jan hasken ya mutu, muryar Auta ta yanke, ƙirjinta ya tsaya. Maigidan ya riƙe kafaɗun yarinyar yana jijjiga ta yana kiran sunan Allah, leɓunanta suka fara sauya launi. Sai da Injiniya ta kuskure ramin sau biyu kafin ta mayar da wayar. Hasken ya dawo, yarinyar ta ja numfashi mai tsawo, ta ɗora daga inda ta tsaya. Daga wannan lokaci suka san ba a kashe akwatin.

Haka gidan ya rufe a kansu. Maigidan ya kulle shago, ya aro batiran mota guda uku ya jera a ƙarƙashin tebur saboda ɗaukewar wuta, ya zauna yana gadin allurar ma'aunin batir da idon nan nasa na mai gyaran agogo. Sun gwada ɗaukar yarinyar su kai ta asibiti. Tun daga tsakiyar ɗakin take ƙara nauyi, a bakin ƙofa kuwa su biyu suka kasa ɗaga ta daga ƙasa, yarinyar da ubanta yake ɗagawa da hannu ɗaya. Likita ya zo gida, ya auna abin da zai auna, ya ce bai ga ciwo ba, ya sa mata ruwa a hannu, ya fita da sauri fiye da yadda ya shigo. Abinci sai da cokali, a tsakanin kalma da kalma. Ko ta rufe ido leɓunan ba sa tsayawa.

Kullum rana ta faɗi duwatsun su fara. A rana ta uku aka ƙara da murya, a bayan bangon ɗakin baya inda ba komai sai fili, muryar namiji can ƙasa-ƙasa, ba a gane kalmomin amma kowa ya san irin kiran, kiran da ake wa yaro ya shigo gida magariba ta yi. Maƙwabta suka rage sallama. Wayar ofis ta yi ta ƙara har ta gaji. Injiniya ba ta iya zama a ɗakin ba ta iya barinsa, idan ta fita falo tana jin kalmar ta cikin bango, idan ta shiga bayi tana jin ta a cikin ƙarar famfo. Sau da yawa ta buɗe baki za ta faɗa wa mijin, sai ta ga yadda yake goge wa yarinyar baki da gefen rigarsa, maganar ta koma ciki. Kunya ce ta riƙe ta, kuma ta tsani kanta saboda ta san kunya ce.

A rana ta shida maigidan ya fita bai ce inda za shi ba, ya dawo bayan la'asar da wani tsoho. Malami ne da ya daɗe yana kawo masa agogon aljihu gyara, ɗan siriri, kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, yana dogara lema ko ba hadari. Bai zo da jaka ba bai zo da turare ba, ruwa kawai ya nema a kofi. Ya dubi yarinyar ya daɗe, sannan ya dubi akwatin ya tambayi Injiniya aikinsa. Ta ɗauka zai gundura, sai ga shi ya juyo mata da kunnen mai ji yana tambaya a kan tambaya, ina hasken yake rabuwa, ina yake haɗuwa, wa yake kallon wurin. Da ta gama ya gyaɗa kai ya ce, wato ta je inda ba a taɓa leƙawa ba, ta kafa ido. Bai faɗa da zargi ba.

Ya zauna a ƙasa gaban yarinyar ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ba ta rawa. Hasken taga ya yi ja, ya yi toka, ba wanda ya tashi ya kunna fitila, sai ɗigon lesar kawai da ke fitowa ta wata 'yar kafa ya tsaya a bango. Dutsen farko ya faɗo. Malamin bai ɗaga kai ba. Na biyu ya faɗo, na uku, sannan suka zubo gaba ɗaya har ba a jin karatun, sannan suka tsaya. A cikin wannan shirun suka lura Auta ta daina faɗin kalmarta, karo na farko a kwana shida.

"Ya isa, tsoho," in ji bakin yarinyar. Muryar namiji ce, ba ta tsawa, a gajiye take. "Ba faɗa ya kawo ni ba."

Malamin ya tambaye shi ko shi wane ne, da abin da ya sa ya zalunci yarinyar da ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Aljanin da ke magana ta bakinta ya ce sunansa ba zai amfane su ba. Ya ce mutanensa ba sa zama sai inda ɗan Adam bai sani ba. A da suna da kufai da tsofaffin rijiyoyi da dazuzzuka, duk an auna an zana an kai fitila. Abin da ya rage musu kaɗan ne, a ciki har da wannan rawar da ke cikin haske, wadda ba mai iya cewa ga inda za ta nufa. Da matar nan ta kafa idonta a wurin ba su damu ba, kallo ba ya cin su. Amma yana da 'ya, ƙarama, ba ta taɓa ganin idon na'ura ba. Tana ratsawa ta cikin hasken ta ɗaga kai ta ga abu yana kallon ta, tsoro ya kama ta, ta ƙame. Da ta ƙame hasken ya ƙame tare da ita.

"Da an bar ta, da ta wuce," in ji shi. Kan yarinyar ya juyo a hankali har idonta ya sauka a kan uwarta. "Sai wannan ta yanke wurin ta haɗe bakin. Tun ranar 'yata ba ta cikin haske, ba ta wajensa. Ina jin ta, ba na isa gare ta."

Maigidan ya dubi matarsa. Ba sai an tambaye ta ba, ta faɗa, tun daga layukan biyu har tafin da aka yi mata, kanta a ƙasa. Ta jira ya yi faɗa, da ya yi ma da ta fi samun sauƙi. Bai yi ba. Ya ce, "Kwana shida, Maman Auta," ya mayar da idonsa kan allurar batir.

Malamin ya ce wa aljanin rashinsa rashi ne na gaskiya, kuma matar ta yi kuskure, amma ba a kama 'ya da laifin uwa, kuma shi ma akwai Wanda zai tsaya a gabansa. Aljanin ya ce ya sani, shi ya sa bai taɓa ran yarinyar ba. A mayar masa da tasa, ya saki tasu. A mayar da ita cikin hasken, daidai abin da aka cire. Malamin ya juyo da kunnensa wajen Injiniya ya tambaye ta ko hakan yana yiwuwa. Ta ce yana yiwuwa, za ta iya haɗa kwamfutar da lesar ta yadda duk sifilin da ta danna hasken zai tsaya cak na ɗan lokaci. Har ta ji ƙirjinta ya buɗe. Sannan ta tambayi aljanin guda nawa ne.

"Mu ba ma ƙirga 'ya'yanmu," in ji shi. "Ke ce mai ƙirga."

Ta rufe ido ta nemo allon na ranar. Layin farko cike yake, wannan ba shakka. Layi na biyu ma ya tafi har ƙarshe, amma gurbin ƙarshe, can a kusurwar dama, nan ne ta kasa gani. Wani lokaci ta ga sifili a wurin, wani lokaci ta ga ɗaya tsaye, kuma duk sanda ta ƙara dubawa sai ta ga abin da take so ta gani. Ta ce sittin da uku ne ko sittin da huɗu, ba ta san wanne ba.

Aljanin ya ce idan ta kuskure zai zauna a jikin yarinyar har ta tsufa a ƙasan teburin nan. Malamin ya ce bai isa ba, ya koma karatu da ƙarfin da ba a zaci yana da shi ba, har jikin Auta ya lanƙwashe, muryar ta nemi a dakata. Aka daɗe ana ja. Tsohon ya karɓi rantsuwa cewa zai fita ko an dace ko ba a dace ba, ba zai taɓa ranta ba, ba zai taɓa hankalinta ba, ba zai nakasa mata jiki ba, ba kuma zai dawo gidan ba. A kan abu ɗaya aljanin ya kafe. Idan aka rage ɗaya, tasa za ta dawo da ragi, shi ma zai tafi da abu ɗaya na yarinyar. Idan aka ƙara ɗaya, tasa za ta dawo da abin da ba nata ba, shi ma zai bar abu ɗaya a cikin yarinyar wanda ba nata ba. Malamin ya sake matsa masa, amma numfashin Auta ya fara sarƙewa, gumi ya jiƙa mata wuya. Ya tsaya, ya dubi uwar.

"Iya abin da na iya ke nan, 'yata. In na ƙara, yarinyar ce za ta sha."

Injiniya ta roƙi abu ɗaya, cewa idan an gama ya faɗa mata ko ta dace. Bakin 'yarta ya yi wani murmushi da ba nata ba.

"Ke da kika yanke, kin faɗa mini?"

Ta haɗa wayoyin a duhu, hannunta ya san hanya. Maigidan ya taso ya tsaya a bayanta ya ce shi zai ƙirga. Ta danna, ɗigon da ke bango ya ƙame ya saki, ya ce ɗaya. Ta danna, ya ce biyu. Muryarsa ta tafi daidai ba sauri ba jinkiri, malamin yana karatu ƙasa-ƙasa, a waje ba dutse ba murya. Da suka wuce talatin da biyu ɗakin ya yi sanyi. Da suka wuce hamsin Auta ta fara kuka mara sauti, kuma uwar ba ta san kukan wa take gani ba. Ya ce sittin da ɗaya, sittin da biyu, sittin da uku, ya tsaya.

Yatsanta yana saman maɓallin. Kanta na injiniya ya ce sittin da huɗu, layi biyu cif, amma ta san kai yana son cikakken abu, kuma saboda haka ne ma bai kamata ta yarda da shi ba. Lissafi ya ƙare mata a nan. Ta dubi yarinyar. Idan ta ɗaga hannu kuma ba ta dace ba, wani abu na Auta zai tafi, ko dariyarta, ko wata rana da ta sani, ko son da take wa wani, kuma ba zai dawo ba. Idan ta danna kuma ba ta dace ba, Auta tana nan gaba ɗayanta, sai dai da baƙo a ciki. Ta ji ba za ta iya sallama ko ƙwaya ɗaya ta 'yarta ba. Ta danna.

Ɗigon ya ƙame, ya daɗe fiye da sauran, sannan ya saki. Auta ta yi atishawa sau uku, ta zame ta kwanta a gefe. Wata iska ta bi ta ƙarƙashin ƙofa ta fita. Malamin ya shafa mata ruwan kofin a fuska, ya ce a kashe akwatin. Ba wanda ya motsa, sai da ya maimaita. Maigidan ne ya zare wayar, su uku suka zuba wa ƙirjin yarinyar ido. Ya ɗaga, ya sauka, ya ɗaga. Ta buɗe ido ta ce, "Mama, yunwa nake ji." Ubanta ya ɗauke ta da hannu biyu ya ƙetare bakin ƙofar da ita kamar ba komai, ya zauna a falo ya fashe da kuka.

Injiniya ta bi malamin har bakin titi ta tambaye shi ko an dace. Ya ce wallahi bai sani ba, kuma duk wanda ya ce mata ya sani ƙarya yake. Ya ce ta gode wa Allah ta riƙe 'yarta, ya buɗe lemarsa ya tafi.

Washegari ta rubuta wa ofis abin da ta goge, ta mayar musu da akwatinsu, suka yi abin da za su yi, wannan bai dame ta ba. Duwatsu ba su sake faɗowa ba. Auta ba ta tuna komai ba sai cewa ta kawo shayi. Ta koma makaranta bayan mako biyu, ta san ƙawayenta, ta san darasinta, ta san inda ta ɓoye 'yan kunnen da aka hana ta sawa. Ba abin da ya ɓace, uwar ta bincika ta kowace kusurwa har yarinyar ta fara cewa an dame ta.

Sai dai yarinya mai shekara goma sha huɗu ba ta kwana yadda ta tashi. Wannan watan ta daina son madara a shayi. Wata na gaba ta fara naɗe gashinta ta wani gefe, ta fara rufe ƙofar ɗakinta, ta koyi wani kallo da take wa mutum idan ya yi maganar da ba ta gamshe ta ba. Maigidan ya ce girma ne, yayyenta ma haka suka yi, ya roƙi matarsa ta bar yarinyar ta sha iska. Injiniya ta ce to. Amma kowane sabon abu sai ta ɗauke shi ta juya shi a ranta, ta rasa inda za ta ajiye shi, kuma ba ta da ma'aunin da zai raba mata na Auta da wanda ba nata ba.

Wata rana da hantsi suna wanke kwanuka su biyu, uwar tana cuɗawa 'yar tana ɗaurayewa, sai Auta ta fara rera wata waƙa a hanci, mai daɗi, a hankali, irin wadda ake lallashin yaro da ita. Injiniya ba ta taɓa jin ta ba. Ta bari sai da ta kai ƙarshe, sannan ta tambaya, da muryar da ta yi ƙoƙari ta zama ta kullum, a ina ta koye ta.

Auta ta tsaya da kwano a hannu tana tunani, ta ɗaga kafaɗa.

"Ban sani ba, Mama. Ba ke kike yi mini ita ba ina ƙarama?"

Injiniya ta dubi fuskar 'yarta, fuskar da ta sani tun ranar da aka miƙo mata ita. Ta ce, "Ni ce," ta miƙa mata kwano na gaba.